Shekarar da Rukayya Ta Ci Bashin Gwamnati

Na ji abin da ake faɗa a bayana, kuma ba daga bakin bare na ji ba, daga gare ku ne, ku 'ya'yana da matanku. Wai Inna ce ta kashe auren Rukayya da yawan tambayarta, wai ni na zuga ta ta ɗora wa kanta bashin gwamnati tana 'ya mace. Ban yi fushi ba, domin yawancinku ba kwa gida lokacin da abin ya faru, labari kuka ji a waya. Amma ƙafafuna sun fara gajiya, idona ma sai da tabarau, ina so in rubuta yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe biro, da wannan karkataccen rubutun nawa na ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya karanta sai ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Tambaya kam ba zan musa ba, da ita aka haife ni. Tun ina yarinya a Katagum na ishi mutanen gidanmu da son sanin inda ruwan kogi yake tafiya da rani, da abin da ya sa nono yake tsami in ya kwana. Kakata takan ce duk wanda ya aure ni ya auro alƙali. Da aure ya kawo ni Azare sai na dace, mahaifinku, Allah ya ji ƙansa, mutum ne da ba ya gajiya da amsa, in bai sani ba ya ce bai sani ba. Da ya rasu, abin da ya bar min na neman abinci shi ne injin markaɗen nan na zaure, kuma da shi na ƙarasa renonku. Duk cikinku babu wanda ya gado ni sai auta, Rukayya. Sai dai ni da baki nake tambaya, ita da hannu. Ba ta kai munzali ba ta iya canza wa injin bel, ta san kukansa in fulogi ya ci, har makaniken da nake kira ya daina zuwa don babu abin da zai yi. Lokacin da rijiyar burtsatsen unguwarmu mai aiki da sola ta lalace muka yi wata da watanni muna sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, ranar da aka samo mai gyara daga Kano yini ta yi a tsaye a rana tana kallonsa. Da ta dawo ta ce min, Inna, waya ɗaya ce fa ta ƙone.

Da ta gama sakandare ta nemi makarantar koyon sana'a ta gwamnati, sashen lantarki da sola, aka kuwa ɗauke ta. A nan magana ta tsaya, don kuɗin makarantar ya fi ƙarfin injina. Na kira yayanku babba, wanda kun san ba na faɗar sunansa, zan ce masa Babba a nan. Lokacin shagonsa na Kano ya fara kama ƙasa, kuma yaro ne mai zumunci, ba a taɓa kai masa kuka ya juya baya ba. Ya ce in aikin jinya za ta karanta ko malanta, zai biya har ta gama, amma ba zai sa kuɗinsa ƙanwarsa ta koyi hawa rufin mutane da tsani ba. Ban ga laifinsa ba, abin da ya hango ke nan. Ga kuma maganar aurenta da Nasiru, yaron garin Disina mai sayen riɗi, an riga an kawo kayan sa rana, an tsayar da bayan kaka. Shi Nasiru bai ƙi karatun ba, ya ce ko bayan biki ta ci gaba.

Wata safiya muna aikin markaɗen masu ƙosai, Rukayya ta kashe injin ta miƙo min rediyo. Ana bayani ne cewa gwamnati tana ba ɗalibai lamunin kuɗin makaranta, har da masu koyon sana'a, babu kuɗin ruwa, kuma ba a biya sai mutum ya gama ya fara samu. Ta ce ta waya ake nema, ba sai ka san kowa ba. Ni wannan na ƙarshen ne ya tsaya min a rai. A iya sanina, bashi abu ne na ido da ido. Ka je gidan mutum, ka gaishe shi, ka sunkuyar da kai, ya dube ka ya ba ka ko ya hana ka, daga ranar kuma in kun haɗu a hanya kai ne mai fara gaisuwa. To wannan wane irin mai bashi ne da bai san fuskarka ba, bai san gidan ubanka ba, kuma ya yarda ya jira ka shekaru? Me yake nema? Na ce mata kada ta taɓa komai sai na bincika.

Na fara da limamin unguwarmu. Na same shi a zaurensa bayan walaha, na ce Allah gafarta Malam, tambaya na zo da ita. Ya yi murmushi ya ce ai bai taɓa ganina ba tare da ita ba. Na warware masa komai. Ya ce in har gaskiya ne abin da aka ba ka shi za ka mayar ba ƙari, to babu riba a ciki, amma shi bai ga sharuɗɗan ba, in je in ji daga bakin masu abin. Har na miƙe sai ya ƙara wata magana da ta zauna min.

“Hajiya, ba cin bashin ne abin tsoro ba, niyyar ce. Da yawa za su karɓa suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. Ki tambayi yarinyar, bashi za ta ci ko kyauta?”

Washegari na hau Keke mai ƙafa uku na tafi makarantar ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Mai gadi ya ɗauka abinci na kawo sayarwa. Aka yi ta tura ni daga wannan ofis zuwa wancan har na samu wani jami'i mai kula da harkar ɗalibai, mutum mai haƙuri, ya ba ni kujera. Na tambaye shi a hannun wa za a damƙa kuɗin. Ya ce ba a hannun kowa ba, kai tsaye za su wuce asusun makaranta, ita Rukayya saƙo kawai za ta gani a waya. Na yi ta juya abin, a ce ana bin ka kuɗin da ko warinsu ba ka ji ba. Na tambaye shi in ta gama ba ta samu aiki ba fa, ya ce akwai jinkiri, sai ta fara samu a riƙa cire wani kaso kaɗan kaɗan. Na ce in ta mutu fa, don wannan ne ya fi hana ni barci, kun san yadda ake tsayar da gawa a tambayi masu bin bashi. Ya ce abin da aka sanar da su shi ne in mutuwa ta zo ana yafewa, ba a bin magada. Sai na yi masa ta ƙarshe, in ta yi aure bashin na wa ne, nata ko na mijin? Ya ajiye bironsa ya yi dariya, ya ce tun da aka fara abin nan babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ya ce da sunanta aka ci, nata ne, ko ta auri wa.

Da na fito, maimakon in nufi ƙofa sai na bi ƙarar guduma har wani dogon ɗaki inda ake koyar da su. Samari ne cike, da 'yan mata biyu sanye da rigar aiki a kan hijabinsu. Malaminsu ya gan ni ina leƙe ya ce Mama shigo. Na ce masa abu ɗaya nake so in sani, yaya ake yi rana ta zama wuta, har ta jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa? Ya ɗauko wani ɗan ƙaramin faifan sola, ya fitar da shi bakin ƙofa inda rana take, ya haɗa masa waya da ƙwan fitila, ƙwan ya kama. Ya ce in rufe faifan. Na yafa masa gefen mayafina, fitilar ta mutu. Na janye, ta dawo. Na sake rufewa. Wallahi sai da na yi ta yi kamar ƙaramar yarinya, ɗaliban suna ta dariya, ni ma ina yi. Ya yi min bayanin abin da ke cikin faifan, rabi na gane rabi ya wuce ni. Ba zan ɓoye muku ba, a hanyar dawowa na ji ina ma a ce ni ce aka ɗauka. Amma ko da na isa gida ban ce wa Rukayya ta nema ba. Abin da na ji na gaya mata, da tambayar Liman, ta ce bashi za ta ci, kuma za ta biya.

Magana ba ta ɓuya a Azare. Ba a yi sati ba Baffanku Alhaji Bello, ƙanin mahaifinku, ya aiko in je. Na tarar da saƙo daga Disina. Mahaifin Nasiru ya ce shi ba zai shigo da bashin hukuma cikin gidansa ba. Kada ku ɗauke shi mugun mutum, ba haka yake ba. Shekarun baya ya tsaya wa wani amininsa da ya ci bashin noma, damina ta ƙi, aminin ya gudu, shi aka kama, sai da ya sayar da gonar gadonsa da shanunsa. Tun daga nan ya rantse ko sunan bashi ba za a ambata a zuri'arsa ba. Na gaya wa Baffanku abin da jami'in ya ce, cewa bashin ba zai taɓa miji ba. Ya ce ya gaya musu, mahaifin Nasiru ya ce wancan karon ma haka aka ce masa. Baffanku ya ce min bashi hanji ne, yana cikin kowa, ya sani, amma na ciki daban, wanda aka rubuta da sunan 'ya mace a wurin hukuma daban. Ya ce in rufa wa marainiya asiri, in hana ta. Na ce zan gaya mata duk abin da ya ce, ba zan rage ko kalma ba, kuma haka na yi.

Ga abin da yawancinku ba ku sani ba. Nasiru ya zo da kansa wata la'asar, ya tsaya a zaure kusa da injin, ina daga ciki ina tsince shinkafa, ƙofa a buɗe. Ya ce mata ya samo mafita. Zai sayar da babur ɗinsa ya biya mata kuɗin makarantar ba tare da mahaifinsa ya sani ba, ta bar maganar gwamnati, a yi biki yadda aka tsara. Da na ji haka sai na ce alhamdulillahi a raina, don ina son yaron nan, yana da kunya, yana da neman na kansa. Rukayya ta yi masa godiya, ta ce babur ɗin nan da shi yake shiga ƙauyuka sayen riɗi, in ya sayar da me zai ci? Kuma ranar da mahaifinsa ya gane, wa za a ce ta raba ɗa da uba? Ya ce shi ya ji ya gani. Ta ce ya ba ta kwana biyu.

Da ya tafi ta shigo ta zauna kusa da ni ta sa hannu a shinkafar. Na ce mata Auta, wannan ai hanya ce Allah ya buɗe, ga karatu ga aure. Ku lura, ni ce na ce mata haka. Ta girgiza kai.

“Inna, in Yaya ya biya, abin da yake so zan karanta. In Nasiru ya biya, duk ranar da muka saɓa, sana'ar tasa ce, ko bai faɗa ba zan gani a idonsa. Gara in ci bashin wanda bai san fuskata ba. In na biya shi mun rabu, abin da ke hannuna ya zama nawa.”

Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni da na yi ta yawon neman fuskar mai bashin, ashe ita rashin fuskar ne ya ja ta. Na ce mata ta san Alhajin Disina ba zai sauko ba? Ta ce ta sani, amma tana fatan Nasiru zai iya shawo kansa. Na ce in bai iya ba fa? Sai ta yi kuka, ta daɗe tana yi, ni kuma ban rarrashe ta da ƙarya ba. Washegari da hantsi, a tsakar gidan nan, ta zauna a kan turmi ta cike abin da ake cikewa a waya ta tura. Ina tsaye ina shanya, ban ce ta yi ba, ban ce ta bari ba. In wannan ne laifin, to shi na yi.

Nasiru ya yi iya ƙoƙarinsa, har kawunnansa ya tura, mahaifin nasa bai sauko ba. Kafin a gama girbin gero Baffanku ya mayar musu da kayansu. Babba ya kira ni, bai ɗaga murya ba don bai taɓa yi min haka ba, ya ce Inna kin bari an kunyata mu, kamar gidanmu babu maza. Sallah biyu ya yi bai zo gida ba, sai dai ya aiko da saƙo ta hannun direba. Wasu matan unguwa suka ɗauke markaɗensu suka kai gaba, in Rukayya ta wuce da jakar kayan aikinta a ce ga ta gwamnati nan. A zango na biyu kuɗin suka yi jinkirin isa makaranta, ta yi makonni tana zullumin ko za a bar ta ta rubuta jarrabawa, ta rame har wuyanta ya fito, kafin daga baya saƙon ya shigo. Ranar da aka ɗaura auren Nasiru da wata 'yar garinsu, ta tafi makaranta kamar kullum, ta dawo ta kwance injina gaba ɗaya, wanda babu abin da ya same shi, ta wanke kowane ƙarfe da kananzir ta mayar. Na ajiye mata abinci a gefe. A wannan lokacin ni ma na sha tambayar kaina ko da na tsawata mata tun farko da yanzu tana ɗakinta da goyonta. Har yau ban san amsar ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na sani ba.

Abin da na sani shi ne ta gama. Wani mai haɗa sola a nan cikin gari ya ɗauke ta tana bin sa aiki, daga baya ta fara samun nata. Abin da ba wanda ya hango shi ne gidajen kulle. Magidanta da yawa ba sa son namiji ya shiga musu cikin gida ya yini, sai ga mace ta iya. Yau tana Dagauda, gobe Gololo, wani lokacin har Katagum garinmu. Bashin yana nan, lokacin fara biya bai yi ba tukuna, amma tana ware masa wani abu duk aikin da ta yi. Aure kuma bai zo ba har yanzu. Masu zuwa suna zuwa, takan gaya musu maganar bashin tun ranar farko, wasu su dawo, wasu ba sa dawowa.

Da na kwanta ciwon nan na bara, Babba ya zo. Ya zauna a bakin gadona ya daɗe yana kallon fankar da ke juyawa a kaina alhali unguwar babu wuta, sai ta solar da Rukayya ta haɗa min. Da Rukayya ta fita ɗebo min ruwa ya matso ya ce, Inna, ki tambayar min ita nawa ne bashin gaba ɗaya, in biya a wuce wurin, kada ki tafi da wannan a ranki. Na ce masa ba ya raina, kuma ba nawa ba ne balle in ba shi izini, ga mai shi nan tana zuwa. Da ta shigo ya maimaita mata, kansa a ƙasa. Ta durƙusa ta yi masa godiya har da hawaye, ta ce Yaya ka bar min shi, ni na ci. Na ga fuskarsa ta canza, na ji tsoron kada a koma gidan jiya. Sai na tambaye shi, shagon nan naka na Kano, da me kake samun wuta? Ya ce janareto, man fetur ya kusa cinye masa riba. Na bar musu maganar.

Shi ya fara magana. Ya tambaye ta in za a haɗa wa shago irin nasa sola, mai firji biyu da fitilu, me da me ake bukata. Ta gyara zama ta fara yi masa tambayoyi, girman firjin, awa nawa yake aiki, rufin kwano ne ko na siminti. Ta faɗi kuɗin kaya, ta faɗi kuɗin aikinta. Ya ce haba, ai ko a Kano ba a yi masa wannan tsadar ba. Ta ce to ya je ya kira na Kanon, in waya ta ƙone bayan wata uku ya neme su ya gani. Ya ce ta rage, shi fa yayanta ne. Ta ce don yayanta ne ma za ta sa masa batir mai kyau. Ina kwance ina jin su suna ciniki kamar a kasuwar Azare, dariya tana cina, ƙirjina yana ciwo, ina danne ta don kada su daina.

Da ya ga ba za ta sauko ba ya juyo wurina ya ce, Inna, ba za ki sa baki ba?

Na ce, “Ni ban taɓa sa baki a maganarta ba. Ku ne dai ba ku yarda ba.”

Ya yi dariya ya ce ya sallama. Ranar Asabar ta ɗaure tsaninta a kan motarsa, suka tafi Kano tare.